Tun Da Jirgin Baba Ya Tsaya

Litinin, da hantsi

Kwamfutar Baba ta mutu. An ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, ina cikin wanke kofuna na ji ƙauri daga falo. Ko da na fito na tarar da shi zaune gaban baƙin allo, hular aikinsa a ka, hannunsa na dama a kan madannai. Bai juyo ba. Cewa ya yi, "Uwata, an kashe mana fitilun hanya."

Na ce masa gyara ake yi. Ya ce to, gara a tsaya a gyara da a tafi a kife. Ya sha shayinsa.

Na buga wa mai shagon tabarau inda nake aiki na ce zan makara. Ya ce tabarau ba su da ƙafa, in zo in na samu sarari.

Litinin, da yamma

Rabona da littafin nan tun rasuwar Mama. Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina ya daina juyawa.

Baba direban jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya. Auta ne ya sayo masa wasan kafin aiki ya kai shi nesa, faifai a cikin kwalinsa, da lambar sirri manne a bayan murfi. Wasan tuƙin jirgi ne. Kana zaune a kan injin, ga birki, ga ƙaho, ga tashoshi suna zuwa suna wucewa. Da farko dariya Baba ya yi, ya ce jirgin da ba ya warin mai ai ba jirgi ba ne. Daga baya ya zama kullum. Tun da abin nan ya same shi kuwa, sai ya zama aikinsa. Zai tashi, ya yi wanka, ya sa hula, ya kai jirgi tashar ƙarshe ya dawo da shi. Kafin azahar ya gaji, ya ci abinci, ya yi barci. Duk ranar da ya tuƙa, yamma takan zo mana da sauƙi. Ba ya neman takalmansa. Ba ya tambayar inda Mama ta je.

Ya manta inda muke ajiye sukari, amma bai taɓa wuce jar fitila ba.

Talata, da rana

Na kai kwamfutar wurin Injiniya, mai gyaran nan da ke ƙarƙashin bene a layin masu waya. Shagonsa ba ya ɗaukar mutum biyu sai ɗaya ya yi gefe. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce, "Malama, babban allon ciki ne ya ƙone. Sauran lafiya lau. Ki dawo jibi."

Na ce jibi ta yi nisa.

Alhamis, da la'asar

An sa sabon allo. Kwamfuta ta tashi kamar ba ta taɓa ciwo ba. Muka sa faifan, muka buga lambar, sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo: an kai iyakar kwamfutocin da aka yarda a saka wannan wasa.

Na ce da Injiniya ya sake. Ya sake. Akwatin ya sake fitowa.

Ya ce sau uku kamfanin ya yarda a saka shi, daga nan sai a rufe. Muka zauna muna lissafi. Na farko Auta ya gwada shi a kwamfutarsa ta hannu, wadda ta daɗe da lalacewa. Na biyu wannan ta gidan. Na uku bara, da aka canza mata ma'ajiya.

Na ce, "To ai biyun ƙarshe kwamfuta ɗaya ce. Yanzu ma ita ce."

Ya ce, "Ni na sani, ke kin sani. Shi wasan bai sani ba. Da an taɓa mata kayan ciki sai ya ɗauka baƙuwa ce."

Faifan yana hannuna. Kwalin yana hannuna, har da ɗan littafin da ya zo da shi, wanda Baba ya ja wa layi da biro a wuraren da ya ce sun yi kuskure. Duk suna hannuna, amma wai sai na nemi izini.

Juma'a, da safe

Ya shirya tsaf ya zauna. Na kunna masa, babu jirgi. Ya ɗago ya dube ni. Ban san daga ina maganar ta fito ba, na ce, "Baba, yajin aiki ake yi."

Fuskarsa ta washe. "Har sun yarda sun haɗa kai? To madalla. Ai tun tuni nake faɗa musu." Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ba ni labarin wani yajin da suka yi ina goye, wai sai da manaja ya sauko da kansa yana roƙonsu. Ya kai labarin ƙarshe ba tuntuɓe. Sannan ya sake ɗauko shi daga farko.

Ƙaryar ta zo mini da sauƙi. Abin da ya ba ni tsoro ke nan.

Juma'a, da yamma

Ni da Auta mun rubuta wa kamfanin, shi yana faɗa ta waya ni ina bugawa. Kafin in ajiye wayar amsa ta zo. Na yi murna, ashe na'ura ce: sun gode, suna daraja ni, za su tuntuɓe ni.

Auta ya ce, "Anti, ki yafe ni. Ni na ɓata guda ɗaya a banza."

Na ce ya bar wannan magana, wa ya san gobe. Ya tambayi jikin Baba. Na ce da sauƙi. Ya ce da gaske? Na ce layin ba kyau.

Lahadi, da magariba

Babu amsa. Yau ya nemi takalmansa.

Litinin, da yamma

Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu, ita ke leƙo shi in ina shago. Da, leƙe kawai take yi ta taga, ta gan shi yana tuƙi ta koma wankinta. Yau ta leƙo ba ta gan shi ba. A tashar motar bakin titi ta same shi, da hula, yana tambayar masu jira ko an janye yajin.

Ta dawo da shi da dabara. Ta ce masa an aiko ta daga ofis, wai kowa ya zauna a gida sai an kira shi. Da take ba ni labari dariya take yi, ni ma na taya ta. Da ta tafi na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Talata, da azahar, a shago

Na sa wa wani dattijo gilasansa a juye, na dama a hagu. Ya sa tabarau ya ce, "'Yata, ko dai idon ne ya ƙara lalacewa?" Mai shago ya karɓa ya gyara da kansa.

Injiniya ya nuna mini wani dandali a intanet inda masu wasan nan ke taruwa. Ashe muna da yawa. Wani an sace masa kwamfuta, ya sayi sabuwa, aka ce ya cinye rabonsa. Wani ya ƙara wa tasa ƙarfi da kayan da ya tara wa kuɗi, wasan ya rufe. Wata mata ta ce ɗanta ba ya magana da kowa sai jiragen nan, yanzu ya daina cin abinci. Wani ya rubuta abin da ya tsaya mini a rai: wanda ya saci wasan yana can yana tuƙi hankali kwance, mu da muka saya mu ake wa caje a bakin ƙofa.

Na rubuta tawa. Na goge. Na sake rubutawa na goge. A ƙarshe abin da na bari shi ne, mahaifina tsohon direba ne, yana son wasan sosai, ko akwai hanya?

Yana son wasan sosai. Kamar ƙwallo nake magana.

Laraba, da safe

Mutanen kamfanin sun amsa, wannan karon mutum ne, ko dai na'urar da ta iya sallama. Suna son hoton faifan, da hoton lambar, da takarda a gefe mai ɗauke da sunana da rubutun hannuna. Na shimfiɗa su a kan tebur na ɗauka kamar mai kai shaida kotu. Baba yana kallona. Ya ce, "Me kika yi aka kama ki?"

Laraba, da yamma

Yaya ya zo. Maman 'Yan Biyu ta faɗa wa matarsa zancen tashar mota, ban ga laifinta ba.

Ya gaida Baba, ya zauna da shi kaɗan, sannan ya biyo ni kicin ya rufo ƙofa.

"Uwar Baba, me ya sa sai a bakin mutane zan ji?"

Na ce abu ne na kwana biyu, da wasan ya dawo shi ke nan.

"Wasa. Mutum ya fita titi bai san hanyar gida ba, ke kina maganar wasan yara. A saya masa wani mana. Jiragen sun ƙare ne a duniya?"

Na ce an gwada bara. Wani wasan birkinsa a wani wurin yake, fitilunsa daban, Baba ya ce ba jirginsa ba ne ya tashi. Wannan ɗin ne ya shiga hannunsa tun kansa yana riƙe sabon abu. Yanzu ba ya riƙewa.

Yaya ya ce gidansa da katanga, da mai gadi, da mutane a ko da yaushe. Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ce, "To ɗakin naki ya fara yoyo har maƙwabta na tara kwano." Na ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta bushe.

Alhamis, da azahar

Ni na jawo. In rubuta shi haka tun daga farko.

Na samo bidiyon wasan a intanet, wani ya ɗauki tafiyar gaba ɗaya, hanyar Baba ce sak. Na ce in na buɗe shi ya cika allo ai ba zai gane ba. Na ce masa an janye yaji. Ya yi hamdala, ya gyara hula, ya zauna. Da farko lafiya. Jirgi ya tashi, yana danna madannai, yana ɗan waƙarsa ta hanci. Na tsaya a bayansa har na fara jin daɗin wayona.

Sai aka zo gangaren nan kafin gada. A nan yake rage gudu kullum. Ya danna birki, jirgi bai rage ba. Ya sake dannawa. Ya danna da hannu biyu. Shi mai bidiyon gudu yake so. Baba ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi, yana cewa birki ya tsinke, birki ya tsinke, a faɗa wa na baya su riƙe yara. Muryar da ban taɓa ji ba. Na kashe allo, bai daina ba. Yana dukan tebur har kofi ya fashe ya yanke shi a tafin hannu.

Na ɗaure masa hannun. Ya ce, "Mutum nawa?" Na ce babu ko ɗaya, Baba, kowa ya sauka lafiya, kai ka tsayar da shi. Ya ce in rantse. Na rantse.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na san karin maganar tun ina yarinya.

Juma'a, da safe

Bai sa hula ba.

Asabar, da yamma

Kamfanin ya ce sun ga hotunan, sun gode, amma wasan ya tashi daga hannunsu, an sayar da shi ga wani kamfani. Na rubuta wa wancan. Suka ce wasan tsoho ne, sashen da ke buɗe makullinsa an rufe shi, amma za su miƙa ƙorafina. Suka ƙara da cewa akwai sabon fitowa, da rangwame.

An rufe sashen da ke buɗewa, an bar makullin. Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski, amma waɗannan sun ci sun wanke hannu sun canza unguwa.

Na karanta wa Auta. Ya yi zagin da ban san ya iya ba. Sannan ya ce zai nemi hutu. Na ce kar ya zo. Ban san me ya sa na ce haka ba. Na sani.

Litinin, da yamma

Yana zagaye falo daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Ya tambayi Mama. Na ce ta je unguwa. Ya ce ta cika daɗewa.

Laraba, da safe

Ba zan rubuta jiya ba.

Laraba, da la'asar

Ƙafafunsa duk sun yi bororo. Na jiƙa su a ruwan ɗumi da gishiri, yana kallon silin.

Allah ya saka wa mai shayin nan na bakin tsohuwar tasha. Shi ya ga lambar wayar da na ɗinka a cikin hular. Ya ce tun rana tsaka dattijon ke zaune a kan dandamali, inda ciyawa ta cinye layin dogo, ya ba shi shayi ya ƙi sha, wai ba ya sha a bakin aiki. Tashar nan ko a mota tafiya ce. Ban san ta ina ya bi ba. Ban san manyan titunan da ya tsallaka ba. Ba na son in sani.

Ni da Yaya mun zagaye asibitoci biyu kafin wayar ta shigo. A na biyun sun ce mu duba wani ɗaki a baya. Yaya ne ya shiga. Ni na tsaya a waje ina karanta wata takarda a bango kan wanke hannu, na karanta ta har na haddace.

Na ce ba zan rubuta ba.

Alhamis, da safe

Yaya ya sa kwaɗo a ƙofar gida. Makulli ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Maman 'Yan Biyu. Ban yi musu ba.

Baba ya je ya taɓa kwaɗon, ya jijjiga shi a hankali, ya dawo ya zauna. Da ya yi faɗa da ya fi mini.

Juma'a, da azahar

Na roƙi hutu a shago. Mai shago ya ce in ɗauka, amma ya ɗauko 'yar ƙanwarsa ta riƙa zama a kujerata kafin in dawo. Kafin in dawo. Haka ya ce, yana goge gilashin da ba datti.

Na biya wurin Injiniya. Ya rage murya, ko da yake daga ni sai shi sai fanka, ya ce akwai wanda aka fasa wa makulli, ana samu a intanet, ba ya tambayar lamba ba ya tambayar kowa.

Na ce, "Na sata ke nan."

Ya ce, "Malama, wanda makullin ɗakinsa ya ɓace ya fasa ƙofa, ɓarawo ne?"

Na tuna Baba. Mutumin da ya taɓa saukar da ƙanin matarsa daga jirgi saboda ba shi da tikiti, Mama ta yi mako ba ta yi masa magana ba. Da yana cikin hankalinsa da ya ce a bari. Amma da yana cikin hankalinsa ai da ba mu zo nan ba.

Na ce ya saka.

Asabar, da yamma

Wanda ya samo ɗin ya zo da cuta. Kwamfuta ta riƙa buɗe tallace-tallace da kanta, wasu ko kallonsu bai kamata ba, wasan kuma da wani yare ya fito, babu sauti. Injiniya ya wanke ta gaba ɗaya. Ya ce zai nemi wani, sai dai a yi a hankali, irin wuraren nan kamar kasuwar ɓarayi ce, kana sayen takalmi ana zare maka hula.

Na dawo da ita gida a mota, a kan cinyata, kamar mai dawowa da marar lafiya ba a samu gado ba.

Lahadi, da safe

Na kai masa shayi. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, baiwar Allah. In kin ga 'yata ki ce ina nemanta."

Na ce to.

Lahadi, da yamma

Na ce to. Abin da na ce ke nan.

Talata, da la'asar

Yaya ya kai shi wurin likita, na bi su. Likitan ya ce abin dama gaba yake yi, ba wanda zai ce ga abin da ya tura shi. Na tambaye shi ko rashin tuƙin ne. Ya ce mai yiwuwa ya taimaka, mai yiwuwa kuma ko da tuƙin haka za a zo. Amsa ce da ba za ka iya riƙe ta ka doki kowa da ita ba.

A mota Yaya ya ce ranar Asabar zai zo da motar kaya. An gyara ɗakin da ke kusa da nasa. Ya ce ni ma akwai wuri in ina so. Bai ɗaga murya ba. Idonsa ya faɗa, na lura ya rame. Duk kwanakin nan ina ganin kamar ni kaɗai ce 'yar Baba.

Na ce to. Kwanan nan bakina ba ya fitar da komai sai to.

Alhamis, da hantsi

Wani a dandalin ya amsa mini, yana kiran kansa Mai Tuta. Ya ce shi ma tsohon ma'aikacin jirgi ne a ƙasarsu, su 'yan kaɗan ne suka haɗu suka yi wani ɗan gyara don waɗanda ke da faifan gaskiya. Ba ya taɓa komai, tambayar izinin kawai yake cirewa. Ya ce sun roƙi kamfanin ya yi da kansa har suka gaji. A ƙarshe ya rubuta, ki gaida direba, ki ce masa hanya a buɗe take.

Ban faɗa masa komai game da ciwon Baba ba. Ban san yadda ya gane ba. Ko kuma duk wanda ya yi irin tambayata dama an san abin da ke bayanta.

Na sake kai kwamfutar wurin Injiniya, ya duba abin ya ce tsaf yake. Ko minti biyar bai ɗauka ba. Muka ji ƙahon jirgi ya cika shagon, har mai gyaran waya na kusa ya leƙo. Injiniya ya ƙi karɓar komai. Na tsaya ina kallon allon, ina tunanin makonnin nan, da ɗan ƙanƙanin abin da ya raba mu da su.

Juma'a, da azahar

Na haɗa komai tun kafin ya tashi. Na goge madannai, na ajiye hular a kan tebur. Da ya fito na ce, "Direba, an janye yaji. Wannan karon da gaske."

Ya daɗe yana kallon allon. Injin yana ruri a tasha, fitila kore. Ya zauna. Ya ɗora hannu a kan madannai, ya ɗaga, ya sake ɗorawa. Yatsunsa suna yawo a kai kamar mai laluben makunnin fitila a ɗakin baƙi. Ya danna wani abu, gogen gilashi ya fara aiki. Ya janye hannun da sauri ya ɓoye a hammata.

Na ce, "Ga shi nan, Baba, wannan ne." Ya girgiza kai. Na ga tsoron ranar bidiyon yana dawowa fuskarsa, na kai hannu zan kashe.

Sai ya ce, "Ke sabuwa ce?"

Na ce e.

"Wa ya koya miki?"

Na ce ba kowa.

Ya yi tsaki. "Haka suke yi yanzu. Su turo mutum ba horo." Ya tashi daga kujerar, ya nuna mini ita. "Zauna. Kar ki taɓa komai sai na ce."

Na zauna. Ya jawo kujerar roba ya zauna a gefena, ya sa hularsa. Bai san madannan ba, amma ya san hanya. Ni na san madannan, shekara da shekaru ina kallonsu ta bayan kafaɗarsa. Ya ce busa ƙaho, na busa. Ya ce saki birki a hankali, kamar kina ajiye jariri. Jirgi ya motsa. Ya ce kar in kalli abin da ke gabana, in kalli can nesa, abin da ke gabana ya riga ya wuce.

Da muka doshi gangaren gada na ji numfashinsa ya canza. Tun kafin ya yi magana na fara ragewa. Jirgi ya rage. Ya saki ajiyar zuciya ya ce, "Kina da kai."

A tashar farko na wuce dandamali da tarago biyu. Ya ce fasinja za su taka da ƙafa, ba komai, amma kar in sake. Mun kai rabin hanya ya fara gyangyaɗi. Ya ci abinci sosai. Yanzu barci yake yi.

Ban san ko murna zan yi ba. Hannunsa ya tafi. A makonnin nan ya tafi, ina can ina ɗaukar hoton faifai.

Asabar, da yamma

An kwashe. Kayansa ba su cika rabin motar ba. Kwamfutar ni na riƙe ta a gaba.

Na faɗa wa Yaya abin da ya faru jiya. Da muka isa shi ya sa aka matsar da gado don tebur ya samu bango mai soket. Matarsa ta sa labule mai kauri saboda hasken taga kar ya doki allo. Baba ya zauna a bakin gado yana kallonmu, ya tambayi Yaya ko nan ne masaukin direbobi. Yaya ya ce nan ne. Na ga shi ma ƙaryar ta zo masa da sauƙi, na ga kuma ya ji abin da na ji.

Ni na dawo gida. Na ce wa Yaya zancen komawata gidansa sai na yi tunani. Na tarar da kwaɗon a rataye a buɗe, na rasa ko in cire shi ko in bar shi. Wurin teburin ya bar alama a ƙasa, murabba'i mai haske.

Litinin, da yamma

Na koma shago, rabin yini. 'Yar ƙanwar mai shago tana nan, mun raba teburin.

Tun da sassafe nake hawa mota zuwa gidan Yaya, mu yi tafiyarmu ni da Baba, sannan in wuce aiki. Yau cunkoso ya riƙe ni. Na tarar da shi a kujerar roba da hula, yana kallon agogon da babu a hannunsa. Bai amsa gaisuwata ba sai da muka bar tasha ta biyu.

Da rana saƙo ya shigo daga kamfanin. Bayan nazari, sun ce, kuma saboda suna daraja ni, sun ƙara mana damar sakawa guda ɗaya. A ƙasa akwai taurari biyar, wai in zaɓi yadda na ji daɗin hidimarsu. Na tura wa Auta. Na kashe wayar na sa a jaka, na ci gaba da ɗaure ƙusar tabarau ɗin wata yarinya da ke jira.

Zan kwanta da wuri. Jirgin safe nawa ne, kuma Baba ya ce in na sake makara zai kai ƙarata wurin manaja.